Ranar da Mama Ukamaka Ta Makara

Mai girma shugaban wannan taro, Babanmu Rabaran da uwargidansa, dattawan ikilisiya, shugabannin Zumuntar Mata da suka taso daga Misau da Jama'are da Gamawa, maƙwabtanmu na kasuwar Azare, musamman Alhaji Bunu da uwargidansa Ya Fanna, waɗanda suka bar rumfunansu don su zauna tare da mu, iyayena mata, ƙannena da 'ya'yanmu, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku duka.

Godiya ta farko ga Allah wanda ya tara mu lafiya. Godiya ga matan da tun safe suke fama da hayaƙin murhu, ga mawaƙa, da kuma mazanmu da suka yarda yau su ci abincin rana a makare.

Mun taru ne mu sallami Mama Ukamaka mai manja, wadda za ta koma gida wurin 'ya'yanta bayan shekara ashirin da ɗoriya a cikinmu. An ce in tashi in yabe ta. To ni benci ɗaya muke zama da ita, in na tsaya a nan na ce ba ta da aibu, ita ce za ta fara miƙewa ta ƙaryata ni. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Saboda haka aibobinta zan lissafa muku, uku ne kuwa.

Na farko, makara. Mama ba ta taɓa jin addu'ar buɗe taro ba, labarinta kawai take ji. Har muka koma faɗa mata lokacin ƙarya, da ta gano mu sai ta ƙara nata jinkirin a kai.

Na biyu, murya. In Mama ta ɗauki waƙa, mu muna gabas ita tana yamma. Muka ba ta tulu ta riƙa bugawa ko bakin zai huta, sai ta haɗa biyun. A kasuwa kuwa Ya Fanna ce shaida, ga ta nan tana dariya. Rumfar turarenta na jingine da rumfar manja, kuma babu makon da ba su yi cacar baki ba a kan wa ya ɗiga wa wani tabarma.

Na uku, shisshigi. Mama ba ta san tsayawa a bakin ƙofa ba. Tana sallama tana shiga, tana gaisuwa tana buɗe tukunya.

Yanzu ku ji abin da Allah ya yi da waɗannan ukun.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, 'yar'uwarmu Dijatu matar Malam Saleh ta haifi 'yarta ta fari. Mahaifiyarta ta rasu, babu gidan da za ta koma wanka, sai ta zauna a ɗakinta. Kun dai san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta ba shi mama a gaban manya, ba ta kiran sunansa, balle ta buɗe baki ta ce ga abin da ke damunsa. Zumunta ta je barka cikin zaninta iri ɗaya, da itace da sabulu, aka yi waƙa, aka yi addu'a. Aka ce, “Yaya jego?” Dijatu ta sunkuyar da kai ta ce, “Mun gode Allah.” Jaririya na ƙuryar gado a lulluɓe, aka ce barci take, kada a tashe ta. Kowa ya mutunta kunyar yarinya kamar yadda aka koya mana, aka watse.

Sai ga Mama, bayan kowa ya tafi, tana haki, da galan ɗin manja a hannu. Ta tarar da Dijatu ita kaɗai tana share hawaye. Ta ce, “Ina jaririyar?” Dijatu ta ce, “Tana barci, Mama.” Mama ta ce, “Ni ban ɗauko manja tun daga kasuwa don in gaishe da zani ba.” Ta yaye lulluɓin. Idanun yarinya sun yi ɗorawa, jiki ya saki, ashe tun jiya ba ta kama nono ba. Ciwon shawara ne. Uwar ta sani sarai, zuciyarta na ƙuna, amma bakin ya ƙi buɗewa. Mama ta ce, “'Yata, a garinmu ba mu san wannan kunyar ba. Ke riƙe kunyarki, ni zan riƙe yarinyar. Tashi mu tafi.”

Malam Saleh yana can ƙauyen da yake koyarwa, a unguwar kuma babu mota. Mama ta saɓa jaririya ta nufi kasuwa, Dijatu na biye. A wannan makon Mama da Ya Fanna ba sa ga maciji da juna. Amma tun daga bakin titi ta buɗe wannan muryar da muke ɓoyewa a bayan tulu: “Fanna! Ina motar mijinki?” Masu nama sun ji, masu tattasai sun ji, Alhaji Bunu da ke lodin akori-kurarsa a can ƙarshen layi ya ji. Ya Fanna ta leƙa fuskar yarinya sau ɗaya, ba ta tambayi 'yar wace ce ba, ba ta tambayi addinin ubanta ba, ta cire mayafinta ta rufa mata ta shige gaban mota. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A asibiti aka ce musu da sun bari ta sake kwana, da sai dai haƙuri. Har aka yi arba'in su biyun nan ne suka raba aikin, Mama da ruwan wanka, Ya Fanna da kunun kanwa, suna yi suna faɗa a kan wa ya fi iyawa.

Jama'a, ku duba mini. Da Mama ta zo a kan lokaci, da ta zauna a cikinmu ta ɓata mana waƙa ta tafi. Da tana da kawaici, da ba ta yaye zanin nan ba. Da muryarta mai daɗi ce, da ba ta kai ƙarshen layi ba. Ban ce makara ibada ce ba, kada gobe ku ce ni na ba ku izini. Cewa na yi Allah bai jira Mama ta gyaru ba kafin ya aike ta. Haka yake tun da. A cikin Maganarsa akwai tsohuwar da ta yi dariya da aka yi mata alkawarin haihuwa, ta kuwa haihu. Akwai wadda garinsu ke zunɗe, ita ce ta bar tulunta a bakin rijiya ta kira gari duka. Ke da kike cewa ba ki yi makaranta ba, ke da kike cewa kina da saurin fushi, ke da kike zama a bencin baya don kada a gan ki, Ubangiji ya san halinki kafin ya kira ki.

An raɗa wa yarinyar suna Ukamaka. Ga ta can cikin mawaƙa, kuma mun gode Allah ba ta gaji muryar mai sunan ba. Har yau Dijatu ba ta taɓa kiran wannan suna ba, 'yar fari ce. Mama ce take kira mata shi, safe da yamma, daga wannan kan titi zuwa wancan. Jibi motar da za ta kai Mama gida za ta tashi, kuma na san abin da ya sa Dijatu ta rufe fuska da gyale a yanzu. Dijatu, ba za mu tilasta miki ba. Zumunta, aikin ya dawo kanmu: mu kira mata sunan 'yarta, in mun je gaisuwa kuma mu yaye zani mu duba.

Mama, sabo ake yi wa kuka. Ubangiji ya kai ki gida lafiya, ya ba ki tsufa mai daɗi a cikin jikokinki. Ya sa wa Ya Fanna da Alhaji albarka, ya ba ta maƙwabciyar da za ta iya da ita. Ya zaunar da Azare da ƙasar Katagum lafiya, ya mai da baƙinmu gidajensu cikin salama. Direba kuma Allah ya ba shi haƙuri, domin jibi ma sai ya jira. Amin.

Na gode.