Motar da Ba Ta Jiniya

Direban motar asibiti yana wajen mai faci ana gyara masa taya, sai wani mai aski ya zo ya tsaya nesa-nesa.

"Direba, motar nan taku ana kashe mata jiniya?"

"Ana kashewa. Amarya za ka ɗauko?"

"Babana ne, kwana uku ƙirjinsa na ciwo. Ba annobar nan ba ce fa, ko tari ba ya yi."

"Kwana uku? Me ya hana ka kira?"

"Ku mana. In kuka tsaya ƙofar gidanmu da fararen kayan nan kamar 'yan sama jannati, wa zai sake kawo min kansa? Ku tsaya bayan layi, in goyo shi."

"Ka ji mutane. Masu mura sun hana wayarmu hutawa, mai ciwon gaske kuma an kulle shi saboda kwastoma."

"Ni dai, babu wadda ke zuwa shiru?"

"Akwai, motar gawa. Ba jiniya, ba gudu. Ƙara kwana ɗaya, ita za ta zo wa tsohon."

Mai aski ya lalubo wayarsa.

"Faɗa min lambar taku."