Likkafanin Baba a Teburin Kwastan

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro. Ni ce Rabi daga Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya.

Bara na raka mahaifina aikin Umara. Da muka dawo, a filin jirgi wani jami'in kwastan ya buɗe jakar Baba, ya zaro farin yadi. Nan take na haɗe rai, don na sha jin yadda ake watsa wa matafiya kaya. Ya ce, "Baba, wannan na sayarwa ne?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "A'a ɗana, likkafanina ne. Da zamzam na wanke shi."

Malam, sai jikin bawan Allahn nan ya yi sanyi. Ya goge tebur da hannun rigarsa, ya ninke yadin a hankali, ya mayar da shi da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya sa a daɗe ba a buɗe shi ba."

Watan jiya muka buɗe shi. Yadda jami'in nan ya ninke, haka muka tarar.

Ban san sunansa ba. In yana saurare, ya sani Baba bai daina sa masa albarka ba har Allah ya karɓi abinsa. Don Allah ku gaishe mini da shi.