Kurmin Ouesso Ya Haɗiye Kabarin Hajara

Assalamu alaikum, ɗana mai gabatar da shiri. Ni ne Baba Ɗanjuma, tsohon falke, daga Cheetham Hill a Manchester. Ban yi boko ba, surukata ce ke rubuta mini.

Bara na koma Ouesso, wani gari a tsakiyar kurmin Kongo, inda na binne matata Hajara shekara arba'in da suka wuce. Ɗana likita ya ce, "Baba, da wannan gwiwar taka?" Na ce masa ko da rarrafe ne.

Mai niyyar zuwa ya saurara. Ka yi allurar rigakafin shawara, ka riƙe katinta. Ka karɓi maganin zazzaɓin sauro wajen GP, wato likitan unguwarku. Daga Brazzaville mota ce, yini guda cur. Ka tafi da takalmin roba, don ruwan can ba ya sallama.

Ga nawa kuskuren. Ranar jana'iza na shaida kabarin da wata doguwar bishiya, kamar yadda muke yi a gida, inda kuka ɗaya ke nuna gari. Na tarar kurmi ya haɗiye maƙabartar, itatuwa birjik, duk kama ɗaya. Kwana uku ina zagaye. Na yi mata addu'a ban sani ba ko tana gabana ko tana bayana.

Mu shida muka ɗauke ta. Ɗayanmu, Malam Iro na Sparkhill, wanda na dogara da shi ya tuna wurin, ya rasu da azumi. In akwai wanda ya rage cikin sauran huɗun yana jina, ya kira gidan rediyon nan. Ko bai tuna wurin ba, ya kira. Ina so in ji wani ya ambaci sunanta.