Gangarar Faransa a Rumfar Mai Faci

A rumfar mai faci a Sharada, Muntari yana jiran a liƙe masa tayar kekensa kafin a rufe ƙofar masaƙar da yake aiki. In ya makara, lattinsa na uku ke nan, na uku kuwa kora ce. Wani dattijo ɗan Damagaram ya ga ya ƙura wa hoton masu keke a kalandar bango ido.

"Faransa ce, samari. Na yi wa wani Bafaranshe kuku. Kwana goma suke yi a kan keke, tudu da gangara, cikin gonakin inabi."

"Me suke kaiwa, Baba?"

"Ba komai. Iska suke sha."

"Ba mai jiransu?"

"Sai shanu."

Jiniyar masaƙa ta yi kuka. Muntari bai tashi ba.

"Baba, a gangarar nan, sakin feda ake yi?"

"Saki ake yi, har ƙasa."