Ranar da Alheri Ta Jiƙa Mini Zane

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto.

Har yau idan na ji warin ganyen darbejiya yana tafasa, sai in tsinci kaina a ƙaramin ɗakinmu na haya a Dutsin-Ma, da tsakiyar bazara, ga tukunyar wankan jego a kan murhu, ga ni ni kaɗai da jaririyar da ba ta kuka.

Sunana Rifkatu. Mahaifiyata ta rasu ina sakandare, don haka da na samu cikin fari ba ni da gidan da zan koma wanka. Maigidana, Malam Ishaya, yana koyarwa a Tamawa ta ƙasar Kurfi, sai ƙarshen mako yake zuwa. Da na haihu ya zo ya ga 'yarsa, ya yi murna har da hawaye, amma ɗalibai na tsakiyar jarrabawa, dole ya koma. Ya bar ni da gwaggonsa, Gwaggo Lami, wadda ta zo daga ƙauye don ta yi mini wanka.

Gwaggo mace ce mai kirki, kuma abin da ta gada ta yi mini. Ta ce dakashi, wato nonon farko mai kauri, ba shi da kyau ga jariri. Sai ta riƙa tatse shi tana zubarwa, tana ɗiga wa yarinyar ruwan ɗumi da cokali. A wajen awo an faɗa mana akasin haka, amma na ji nauyin yi wa babba musu a kan abin da ban taɓa yi ba. Ba a jima ba aka yi mata waya cewa mijinta ya faɗi a gona. Ta ɗaure kayanta tana ba ni haƙuri, ta tafi.

Ɗakin ya yi tsit. Ina jin kekenapep suna wucewa a titi, ina jin yaran maƙwabta suna tafiya makaranta, amma babu mai kiran sunana. Matan zumuntarmu ta coci sun zo barka tun washegarin haihuwa, suka tambaye ni ko ina da bukata, na ce babu. Kunya ce ta hana ni cewa ina jin tsoro. Suka ce to, sai ranar suna.

Tun ina da ciki na sayi nafkin farare masu yawa, na wanke, na goge, na jera su a kwando. Nakan zauna ina shafa su ina tunanin mahaifiyata. Da yarinyar ta zo, sai ga shi ba ta ɓata su. In duba da safe, a bushe. In duba da rana, a bushe. Kashinta kaɗan ne, kuma bai sauya daga baƙin nan na farko ba. Idan na sa ta a nono sai ta ɗan taɓa, barci ya kwashe ta. Ni kuwa har daɗi nake ji. Na faɗa wa Malam a waya cewa Allah ya ba mu yarinya mai tsabta da haƙuri, ba ta kuka, ba ta sa ni wanki. Ya yi dariya ya ce ni ta gado.

Ban san yunwa ce take kashe mata jiki ba.

Ran nan da hantsi, bayan na sauke ruwan wanka, na kwance mata nafkin sai na ga wani tabo ja-ja kamar garin jan bulo. Na ɗauka jini ne. Na taɓa leɓenta, a bushe. Maɗigarta ta ɗan faɗa. Na jijjiga ta, ta buɗe ido da ƙyar ta sake rufewa. Na kira Malam, wayarsa ba ta shiga. Na miƙe in fita, jiri ya mayar da ni.

Nan na durƙusa a gefen gado, nafkin ɗin a hannuna. Ni da nake son tsara magana, ranar ban samu kalma mai kyau ko ɗaya ba. Cewa kawai na yi, “Ya Yesu, ba ni da uwa. Ban san abin da nake gani ba. Ka aiko mini da wanda ya sani.”

Ban ko share hawaye ba na ji sallama a ƙofa.

Hajiya Dije ce, matar mai sayar da hatsi, wadda katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasu. Tsakanina da ita sai gaisuwar hanya. Ta shigo da kwanon kunun kanwa, ta ce ta kawo wa mai jego ne. Ta ajiye kwanon, ba ta ko zauna ba ta karɓi yarinyar, ta taɓa maɗigarta, ta dubi kwandon nafkin da ke cike fal.

Ta ce, “Ɗiyata, yaushe rabon ta da fitsari?”

Na ce ban tabbata ba.

“To sa mayafinki. Kukan ki aje shi, in mun dawo sai in taya ki.”

Ita ta tsayar da kekenapep, ita ta rungume yarinyar har asibiti. Nas ɗin da ta karɓe mu ta duba tabon, ta ce ba jini ba ne, fitsari ne da ya yi kauri. A kwanakin farko-farko akan gan shi, amma idan ya ci gaba alama ce cewa nono bai ishi jariri ba. Ta ce dakashin da aka zubar shi ne abincin da ya fi dacewa da ita, shi yake taimakawa baƙin kashin ya fita. Daga kwana biyar, in ji ta, jaririn da yake ƙoshi yakan jiƙa nafkin kamar shida a yini, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta nuna mini yadda zan tatsa a kofi a ba ta kaɗan-kaɗan, ta gyara mini riƙo har yarinyar ta kama nono sosai. Suka kwantar da mu don su sa mata ido.

Hajiya ba ta tafi ba. Ta yi sallarta a baranda ta dawo ta zauna kusa da ni tana mini fifita.

Wajen la'asar ina riƙe da yarinyar sai na ji wani ɗumi yana bin cinyata. Na duba, zanena ya jiƙe sharkaf. 'Yan'uwa, ban taɓa sanin mutum zai yi wa Allah godiya saboda fitsari ba! Ina dariya ina kuka. Hajiya ta ce, “Yawwa, yanzu kika haihu. Sai ki tanadi sabulu.”

Ranar suna muka sa mata Alheri. Ga ta can a bayan mahaifinta, ita ce take ta jan masa kunne tun da aka fara sujada.

Ina gode wa Ubangiji da ya ji addu'ar da ba ta da ado. Ku 'yan'uwana masu sabon goyo, ku riƙa duba nafkin, kada ku yi murna da bushewarsa, kuma in kun ga abin da ba ku gane ba ku nufi asibiti. In an tambaye ku ko kuna da bukata, ku faɗi gaskiya. Ku dogara ga Ubangiji, yana ganin ɗakin da babu mai leƙawa.

Sai da Alheri ta fara tafiya na tambayi Hajiya abin da ya kawo ta ranar. Ta ce igiyar shanyata ce. Daga tsakar gidanta ana hango ta, kuma ta san igiyar mai jego ba ta rabuwa da nafkin. Tawa kuwa zane ne kawai yake lilo a kai. Ta rasa yadda za ta shigo gidan da ba ta saba ba ta yi irin wannan tambaya, shi ya sa ta dama kunu don ta samu hujja. Tun da sassafe ta ɗora tukunyar, lokacin ni ban ma kwance nafkin ɗin ba, balle in durƙusa.