Hannuwan Cha'ibu Maƙeri

Wakilin Sarki, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah gafarta. Fasto Ɗanjuma da jama'ar majami'a, Tanna uwargidan marigayi da 'ya'yanta, mutanen Matameye, sannunmu da wannan rashi.

Ni Illa, Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba gidana da na Cha'ibu maƙeri, shi kuwa Kirista. Ya kasance mai ƙera mana fartanya, har mutanen Dungu da Tsauni wurinsa suke zuwa. Ya kasance in yana zuga wuta, sai ya riƙa ba mu labarin Annabi Ishaya, wai rana na tafe da kowace ƙabila za ta juyo ga Allah, a daina yaƙi, a mai da makamai kayan noma. Mukan ce, "Cha'ibu, ranar nan kai za ka sha aiki!" Ya yi dariya.

Lokacin da fari ya kashe dabbobin arewa, Buzaye da Fulani suka kwararo garin nan, fata da ƙashi. Cha'ibu ya buɗe musu maƙerarsa, Tanna tana dama musu kunun dusa.

Sai soja suka zo da kamiyo, babbar motar kaya, wai a kwashe baƙi a mai da su inda suka fito, inda ko rijiya ba ta da ruwa. Cha'ibu ya tare ƙofa. Ya ce wa sajan ɗinsu, "Ɗana, baƙin Allah ne. Bindigar nan taka ma, wata rana garma za ta zama."

Sajan ya ce, "To, ba kai za ka ƙera ta ba."

Ya sa aka ɗora hannuwan Cha'ibu a kan uwar maƙera, aka farfasa su da gindin bindiga. Aka ɗaure shi a rana tsakiyar kasuwa, yana kallo aka loda mata da jarirai. Har yau babu labarinsu. Hannuwan Cha'ibu kuwa suka ruɓe, suka yi ajalinsa. Sajan kuwa, mun ji an ƙara masa girma.

Tanna, haƙuri muke ba ki, don ba mu da abin da ya fi shi. Ummaru, kai ne babban ɗansa, riƙe ƙannenka.

Mun gode wa duk wanda ya tako yau da yunwa a cikinsa. Allah ya ba Cha'ibu hutu, ya ba mu ruwa. Kafin Cha'ibu ya cika, ya roƙe ni a yi wa sajan nan addu'ar gafara a gaban jama'a. Bakina ya kasa. Fasto, taso ka yi.