Haƙoran Dodon Tsohon Bugu

A wani kantin littattafai a birnin Liège na ƙasar Beljiyam, an yi layi har waje, ana jiran sa hannun matashiyar da ta sake zana tsohon labarin yarinya da dodon tafki. Wani dattijo ya leƙa littafin matar da ke gabansa.

"Wannan ne dodon? Sai ka ce jiƙaƙƙiyar kyanwa."

"Baba, 'yata tana sonsa. Na tsohon bugun nan, shekara guda ya hana ni barci ina yarinya."

"Aikin dodo ke nan. Wata bakwai na yi ina gyara zanen haƙoransa, ba wanda ya yi mini layi."

"Au, kai ne? Shafi na sha tara, da gam na manne shi don kada in sake ganinsa."

"To, ita ma matashiyar nan ta zana abin da za a manne mu gani."